Cinikin hayaƙi: darasin madatsar ruwan Barro Blanco

Yarjejeniyar Kyoto ta shekarar 1997 ce ta buɗe ƙofar cinikin hayaƙi mai ɗumama yanayi tsakanin ƙasashe.

A ƙarƙashin tsarin da ake kira CDM, ƙasa mai arziki kan zuba kuɗi a aikin rage hayaƙi a wata ƙasa mai tasowa, sannan a ba ta takardun shaida da za ta cike giɓin abin da ba ta rage a gida ba.

Sai dai tsarin bai tanadi wata kafa da mutanen da aikin ya cutar za su kai kuka ba.

Hakan ya fito fili a ƙasar Panama, inda aka yi wa madatsar ruwa ta Barro Blanco rajista a 2011, duk kuwa da cewa 'yan ƙabilar Ngabe sun ce ba a nemi yardarsu ba.

A 2016 ruwan madatsar ya malale musu gidaje da gonaki. Gwamnatin Panama ta janye rajistar a wannan shekara, amma ba a fasa aikin ba.

Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta tanadi sabon tsari a sashe na 6. A 2024 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da shi ta wajabta auna illar kowane aiki ga jama'a da muhalli, ta kuma kafa hanyar shigar da ƙorafi da ɗaukaka ƙara.

Masu fafutukar kare haƙƙin bil Adama na cewa gyaran ba zai yi amfani ba muddin mazauna karkara ba su san da wannan hanya ba.