Ƙasar noma a gundumar Madarumfa: wace shuka ta dace da wace gona?

Duk shekara in damana ta gabato muna jin tambaya guda: wane iri za mu shuka? Amma kafin zancen iri, akwai zancen ƙasa. Gundumar Madarumfa da ke kudancin jahar Maraɗi, bakin iyaka da jahar Katsina, tana da kwamin shida: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. Ruwan sama yakan kai milimita 500 zuwa 600 a shekara, galibi daga Yuni zuwa Satumba. Sai dai ruwa guda in ya sauka a gonaki biyu, ba aiki guda yake yi ba. Ga nau'o'in ƙasa huɗu da manomanmu suka sani da sunayensu.

Jigawa

Ita ce ƙasar rairayi mai zurfi, mai sauƙin noma. Tana shan ruwa nan take, shi ya sa ake shuka a cikinta tun ruwan farko, wasu ma su yi binne. Saiwa tana nutsawa ƙasa sosai, don haka hatsi yana jure tsayawar ruwa a nan fiye da ko'ina. Raunin jigawa shi ne yunwa: ba ta riƙe taki, tana da ƙarancin sinadarin fosfor, iska kuma tana kwashe samanta in an bar ta tsirara. Abin da ya dace da ita: hatsi, wake, gujiya, riɗi, yakuwa da aya. Amma mu lura, aya tana cin ƙasa, kuma wajen haƙarta ana tone gona a rairaye ta, sai iska ta samu abin ɗauka. Kada a maimaita ta a wuri guda shekara da shekara.

Geza

Ƙasa ce mai tauri, rairayi haɗe da laka kaɗan, ta kan yi ja-ja ko toka-toka. In ruwa ya doke ta ta bushe, sai samanta ya yi ɓawo, ruwan gaba ya gangare bai shiga ba. Ba a shuka ta sai an yi ruwa mai ƙarfi. Shekarar da ruwa ya wadata ta kan fi jigawa bada amfani, shekarar fari kuwa ita ke fara kunyata mai ita. Dawa ta fi son ta, wake ma yana yi. Tana son huɗa da garmar shanu, da taki mai yawa don ta yi laushi.

Fadama

Ita ce ƙasar kwari, baƙa mai laka, wadda ke bin Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi da kewayen tafkin Madarumfa. Ta fi kowace ƙarfi, ruwan ƙasa kuma yana kusa. Da damana ana sa dawa da masara, da rani kuma albasa, tumatir, tattasai, salati, dankali, rogo da zogala. Hatsi ba ya son ta, don ba ya jure kwanciyar ruwa. A Jiratawa akwai filin noman rani na sama da hekta 500 da aka gyara a farkon shekarun 1980, inda ake jawo ruwa daga rijiyoyi masu zurfi. Dattawa sun sani, tun da aka gina madatsar ruwan Jibiya a Najeriya, ambaliyar gulbi da ke kawo wa fadama sabuwar laka ta ragu. Ke nan fadama ma yanzu tana buƙatar taki kamar kowace gona.

Fako

Wuri ne da ya mutu, ya daskare, ko ciyawa ba ta fitowa. Ana farfaɗo da shi da tassa, kamar yadda ƴan uwanmu na jahar Tawa suka ƙware: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar da aka tono ta gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu, a shuka hatsi ko dawa a ciki. Ana kuma yin rabin wata don tare ruwa.

Yadda za mu gane ƙasarmu

Mu ɗebi ƙasa cikin hannu, mu jiƙa, mu dunƙule. In ta wargaje, jigawa ce. In ta dunƙulu amma ta tsage da an murza, geza ce. In ta murzu ta yi tsawo kamar igiya tana manne wa yatsu, laka ce. Ƙuduji kuwa in ya yawaita cikin hatsi ko dawa, gona ce ke cewa ta gaji.

Abin da ke raya gona

Da can akan bar gona ta huta shekaru. Yanzu gado ya rarraba gonaki, hutu ya ƙare, sai dabara. Mu bar gawo, kalgo da sabara su tofo, mu yi musu sassabe, wato sassaben zamani da ya faro a nan jahar Maraɗi cikin shekarun 1980. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa shuka inuwa, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi kyau. Mu bar wani kaso na kara a gona don tare iska. Mu riƙa juyi tsakanin hatsi da wake ko gujiya. In angire ya yi tsada, giram 6 na 15-15-15 a kowane rami, kusan cikin marfin kwalbar lemo, ya fi a watsa shi barkatai. Irin da ke nuna da wuri, kamar hatsin HKP da dawar Mota Maraɗi, ana iya tambayar malaman gona na kwamin ko cibiyar INRAN ta Tarna.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Abijan kuna aiko kuɗin sayen gona ko taki, ku tambaya tukuna: jigawa ce, geza ce ko fadama? Buhun angire a gezar da ba a huɗe ba, ruwa ne zai tafi da shi. Tun ran gini, ran zane. Allah ya ba mu damana mai albarka.