Siringeri: garin bakin kogi da wasiƙun Tipu Sultan

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe kafin a yi mini raddi.

Kwana biyu ke nan ina ganin ana yawo da bidiyon rikicin Hindu da Musulmi a Indiya, kuma kusan kowa abu ɗaya yake faɗa: ai mutanen nan tun fil azal ba su taɓa ga maciji da juna ba. Ni ma a da haka na ɗauka. Abin da ya sa na fara taka-tsantsan da wannan magana shi ne wani ɗan gari da na ziyarta lokacin ina karatu a Bangalore, da kuma abin da na karanta a kansa daga baya.

Sunan garin Siringeri. Yana jihar Karnataka a kudancin Indiya, cikin duwatsun yamma masu yawan ruwan sama, a bakin wani kogi mai suna Tunga. Ƙasar shinkafa ce da kofi da masoro da wani ɗan itace da suke taunawa kamar yadda muke tauna goro. Garin ƙarami ne, amma a wajen mabiya addinin Hindu sunansa ya fi girmansa, saboda a nan ne wurin bautar Sharada yake. Suna ce mata Sharadamba, "amba" kuwa uwa ke nan. Ita ce allahiyar ilimi a wajensu, shi ya sa gunkinta yake riƙe da littafi da carbi. Iyaye kan kawo ƙananan 'ya'yansu nan su rubuta haruffansu na farko kafin a sa su makaranta. A lokacin bikin Nabaratiri, bikin dare tara da ake yi wajen Satumba ko Oktoba, garin cika yake maƙil. Masu ziyara ana ba su abinci kyauta. A matakalar da ke gangarawa kogi kuwa za ka ga manyan kifaye sun taru ana watsa musu abinci, ba mai kama su.

Ni Musulmi ne, kallo na je yi da tambaya, kuma ba wanda ya tsangwame ni. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce na zo yi wa gunki talla. Tarihi nake bayarwa.

A bisa ruwayarsu, wanda ya kafa wurin shi ne Adi Shankara, babban malamin falsafar Hindu da aka fi cewa ya rayu wajen ƙarni na 8. Suna cewa da ya iso bakin Tunga sai ya ga gamsheƙa ta fasa kai tana yi wa kwaɗo inuwa daga zafin rana, maimakon ta haɗiye shi. Sai ya ce wurin da maƙiya suke zama haka shi ya dace da makaranta. Siringeri ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyi huɗu da ake dangantawa da shi: ita a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Joshimat a arewa. Shugaban cibiyar ana ce masa Jagadguru, wato malamin duniya, kuma ana gadon kujerar daga malami zuwa almajiri har yau.

Garin ya bunƙasa a ƙarni na 14, zamanin daular Bijayanagara da aka kafa a 1336. Sarakunanta sun ba cibiyar filaye da ƙauyuka, a lokacin ne aka gina babban ɗakin bautar dutse na Bidyashankara mai ginshiƙai 12, aka kuma maye gurbin tsohon gunkin Sharada na icen sandal da na zinariya. Ku lura da wannan: wurin ibada ya tara ƙasa da zinariya. Duk inda dukiya ta taru haka, ranar da yaƙi ya zo ido yana kanta.

Yaƙin kuwa ya zo. Daga 1790 zuwa 1792 aka yi yaƙi na uku tsakanin Turawan Ingila da masarautar Maisur, wadda Tipu Sultan ɗan Haidar Ali yake mulki. Siringeri tana cikin ƙasarsa. Turawa ba su kaɗai suka zo ba. Sun haɗa kai da Nizam na Haidarabad, wanda Musulmi ne, da kuma Maratha, waɗanda Hindu ne. Kun ga tun daga nan lissafin "Musulmi gefe, Hindu gefe" ya fara rushewa: sarkin Musulmi yana taya Bature yaƙar sarkin Musulmi.

A 1791 mahayan dawakai daga ɓangaren rundunar Maratha, wadda Parashuram Bhau yake jagoranta, suka auka wa Siringeri. Suka kashe wasu malamai, suka raunata wasu, suka kwashe dukiya, suka tumɓuke gunkin Sharada daga mazauninsa. Wasu masana tarihi suna cewa 'yan sa-kai ne da ake kira Pindari, masu bin runduna don ganima, ba umarni aka ba su daga sama ba. Ko ma yaya ne, daga sansanin Hindu suka fito, kuma wurin bautar Hindu suka washe.

Jagadguru na lokacin, Sachidananda Bharati, sai ya rubuta wa Tipu yana neman taimako. Tipu ya amsa. Ya nuna ɓacin ransa, ya ce waɗanda suka aikata haka za su girbi abin da suka shuka, ya kuma umarci wakilinsa na Bednur da ya ba da kuɗi da kayayyaki don a mayar da gunkin mazauninsa. Wannan ba labarin shayi ba ne. Wasiƙun suna nan, kimanin 30, da harshen Kannada, kuma shugaban sashen binciken kayan tarihi na Maisur, R. Narasimhachar, ya gano su a ajiyar cibiyar a 1916. A cikinsu Tipu yana girmama malamin, yana kuma neman ya yi wa ƙasar addu'a.

To a nan ne wasunmu za su yi tafi su ce kun gani, Tipu adali ne. A dakata tukuna, akwai sauran rabi. Wannan Tipun dai shi ne mutanen Kodagu da na Malabar suke tunawa da ɗaci har gobe, saboda yaƙe-yaƙen da ya yi a ƙasashensu, da kwashe mutane, da rahotannin tilasta wa wasu sauya addini. A 1784 ya kwashe Kiristocin yankin Mangalore da dama ya tsare su a babban birninsa, Sirirangapatna. Masana suna jayayya a kan adadi, domin da yawa daga labaran ta hannun Turawa abokan gabarsa suka zo, amma ba wanda yake cewa ba a yi komai ba. A gefe guda kuma ɗaya daga cikin manyan ministocinsa, Purnaiya, Hindu ne, kuma babban ɗakin bautar Ranganata yana nan tsaye kusa da fadarsa.

Yaya za a haɗa biyun? Abin da na fahimta shi ne Tipu sarki ne, lissafin sarauta yake yi. Inda mutane suka yi masa biyayya, kamar Siringeri, ya kare su ya girmama malaminsu, musamman da yake yana tsakiyar yaƙi kuma mafi yawan talakawansa Hindu ne. Inda ya ga tawaye ko zargin haɗa baki da Turawa, ya sa ƙarfi ba tausayi, wani lokaci da sunan addini. Su ma mahayan da suka washe Siringeri ba su tsaya tambayar wa ake bautawa a ciki ba, zinariya suka gani. A 1792 Tipu ya rasa rabin ƙasarsa ya kuma miƙa 'ya'yansa biyu jingina. A ranar 4 ga Mayu 1799 aka kashe shi yana kare Sirirangapatna. Su Marathan da suka taya Turawa, bai cika shekara ashirin ba su ma Turawan suka gama da daularsu a 1818.

Me ya sa nake tono wannan yanzu? Saboda a Karnataka gawar Tipu ba ta huta ba. A 2015 gwamnatin jam'iyyar Congress ta fara bikin ranar haihuwarsa a hukumance, aka yi rikici a Kodagu har aka rasa rai. A 2019 gwamnatin BJP ta soke bikin. A 2022 aka cire sunansa daga jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Bangalore da Maisur. Masu yabonsa suna ɗaga wasiƙun Siringeri su yi shiru a kan Kodagu. Masu zaginsa suna ɗaga Kodagu su yi shiru a kan wanda ya washe Siringeri. Kowa ya yago shafin da zai kawo masa ƙuri'a.

Ba ina cewa Musulmin Indiya ba sa shan wahala a yau ba, suna sha, kuma ya kamata a faɗa. Abin da nake ja a kai shi ne kalmar "tun fil azal". Wanda ya yarda cewa gaba ta gado ce, ya riga ya wanke 'yan siyasar da suke hura ta yau, domin ya mayar da aikinsu ƙaddara.

Har yanzu ana kai yara Siringeri su rubuta harafin farko, wasiƙun Tipu kuma suna cikin tarihin da cibiyar kanta take bayarwa. In an sake turo muku bidiyo da dogon sharhi a kan tarihin Indiya, ku tambayi mai turowar ɗaya rabin labarin.

Wanda yake da gyara ya kawo, ina saurare. Allah ya ba mu zaman lafiya.