Dokin Da Aka Hana Shi Sukuwa

Ku 'yan makaranta, in aka ce muku tseren dawaki, abin da zai faɗo muku a rai shi ne mahayi bisa sirdi, ya saki linzami, doki yana sukuwa. To, a ƙasar Amurka akwai wani irin doki wanda a ke tsere da shi yana jan ɗan keke mai ƙafa biyu, babban laifinsa kuwa a fage shi ne ya yi sukuwa. Sunan irin nan Standardbred. Ga labarin asalinsa, da yadda a ke mai da shi dokin hawa in ya gama tsere.

Cikin shekarar 1788 aka sauke wani ingarma kili a birnin Filadalfiya, an kawo shi daga Ingila, sunansa Messenger. Shi dokin sukuwa ne, amma sai aka lura zuriyarsa sun fi sauran dawaki iya sassarfa. A zamanin nan kuwa babu mota. Da likita, da ɗan kasuwa, da manomi, duk da keken doki su ke tafiya, saboda haka doki mai saurin sassarfa wanda ba ya gajiya ya fi mai sukuwa amfani gare su. In maƙwabta biyu suka gamu bisa hanya, kowa sai ya so ya wuce ɗan'uwansa. Nan ne tseren ya samo tushe.

A 1849 aka haifi wani duƙushi a jihar New York, tattaɓa kunnen Messenger ne, aka sa masa suna Hambletonian. Wani mutum mai aikin ƙodago a gonar, William Rysdyk, ya saye shi tare da uwarsa, wadda gurguwa ce, a kan dala 125. Kafin dokin nan ya mutu a 1876 ya haifi 'ya'ya fiye da 1,300. Kusan duk dokin irin nan da ke raye yau, in an bi salsalarsa, gare shi za a tuƙe.

Sunan kuwa ga inda ya fito. A 1879 masu kiwon dawakin nan suka kafa ƙa'ida, suka ce ba za a rubuta doki cikin littafin asali ba sai ya ci mil guda cikin minti 2 da rabi, ko kuwa ya fito daga tsatson waɗanda suka ci. Ma'anar sunan ke nan, watau dokin da aka haifa bisa ma'auni. Gudunsu iri biyu ne. Akwai mai sassarfa, wanda ya ke ɗaga ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu. Akwai kuma wanda ya ke ɗaga ƙafafun gefe guda tare, kamar tafiyar raƙumi.

Kada ku zaci sirdi baƙo ne gare su. Da fari, hawansu a kan yi a yi tseren. Goɗiyar nan Lady Suffolk, wadda ta ci mil guda cikin ƙasa da minti 2 da rabi a 1843, da mahayi bisa bayanta ta ci shi. Sannu a hankali keke ya kore sirdi, balle da aka sa masa ƙafafun roba masu iska a 1892. Bayan shekara 5 wani doki, Star Pointer, ya ci mil cikin ƙasa da minti 2. Duk da haka, a 1940 wata mace, Frances Dodge, ta hau shahararren dokin nan Greyhound, ya yi mata mil cikin minti 2 da sakan 1 da 'yan kai.

To, ga inda wuyar ta ke. Dokar tsere a Amurka ta hana doki shiga fage in ya wuce shekara 14, yawancinsu ma tun ba su kai haka ba su ke bari, alhali doki ya kan yi shekara 25 ko fiye. Ina za a kai su? Waɗansu a kan ajiye su don haihuwa. Waɗansu kuma mutanen Amish, masu ƙin mallakar mota saboda addininsu, su kan saya su ɗaura wa kekunansu. Wanda bai sami mai so ba, sau da yawa a kasuwar gwanjo ya kan ƙare, a ɗauke shi zuwa mayanka a Kanada ko Meksiko, gama mayankan dawaki na Amurka an rufe su tun 2007. Don tsai da wannan asara aka kafa ƙungiyar Standardbred Retirement Foundation a 1989, da New Vocations a 1992, su karɓi dawakin, su hore su, su nema musu gidan zama.

Horon nan yana da sauƙi ta wani gefe. Dokin da ya yi tsere ya riga ya san linzami da majayi, ya saba da hayaniyar taro da shiga mota. Abin da bai sani ba shi ne nauyin mutum bisa gadon bayansa, da maganar da mahayi ya ke yi masa da dunduniya. Sai a fara aza masa sirdi kawai, sa'an nan mutum ya jingina a kai, sa'an nan ya hau ana jan ragama. A koya masa sauke kai da lanƙwasa jiki dama da hagu, gama tsakanin sandunan keke a miƙe ya saba tafiya. Mai tafiyar raƙumi kuwa, a kan jera masa sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakewa, har ƙafafunsa su koma sassarfa.

Mafi wuya duka sukuwa. Tun yana duƙushi, duk sa'ad da ya ɓarke da ita sai a ja shi baya, har ya ɗauka abin kunya ne. Mai horo ya kan kai shi gindin tudu, inda sukuwa ta fi sauƙi, in ya yi ko da taki uku ne, ya sassauta linzami, ya shafa masa wuya. Wanda ya yi masa bulala a nan, sai dai ya ƙara masa saurin sassarfa. Da haƙuri irin wannan aka sami waɗanda 'yan sanda su ke hawa cikin birane, da masu tsallake shinge, da masu tafiyar mil 50 a yini, da waɗanda a ke ɗora naƙasassu a kansu don lafiyar jiki.

An ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ku tuna dokin nan, wanda ya koyi sabuwar sana'a bayan ya tsufa cikin wata. In kun ga babban mutum ya zo koyon karatu, ko wani cikinku darasi ya yi masa nauyi, kada ku yi masa dariya. Ku taimake shi sannu sannu, yadda mai horo ya ke yi a gindin tudu.