Kayan Kiɗa Marasa Jiki: Tarihin Manhajojin Haɗa Sauti da Tambayar da Suka Kawo wa Fiƙihu

Malaman fiƙihu na farko, idan suka zo babin ma'azif, sukan ambaci kayan kiɗa da sunayensu: duffi, da mizmari, da udu, da ganga. Kowannensu abu ne da ake riƙewa a kaɗa ko a busa, shi ya sa har suka tattauna hukuncin sayar da shi da lamunin wanda ya fasa shi. A yau kuwa, kiɗa mai yawa da ke fitowa daga situdiyoyin Kano da Kaduna ba shi da fata ba shi da tsirkiya, lissafi ne kwamfuta ke yi ta mayar da shi sauti. Sanin yadda aka kai ga haka wajibi ne ga mai son yin fatawa a kansa.

Asalin lamarin yana komawa shekarar 1957, lokacin da Max Mathews na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya rubuta manhajar MUSIC, wadda ta sa kwamfuta ta samar da sauti daga lambobi. Kwamfutocin wancan zamani ba su da saurin da za a kaɗa a ji nan take, don haka na'urorin lantarki irin na Robert Moog suka mamaye fagen tun daga shekarun 1960. A 1979 na'urar Fairlight ta fito daga Ostireliya da wata hanya dabam: a naɗi sautin abu na gaske, a shimfiɗa shi a kan maɓallan fiyano. Daga nan hanyoyi suka zama biyu, ƙirƙirar sauti daga lissafi da kuma sarrafa sautin da aka naɗa.

A 1983 kamfanoni suka yi ittifaƙi a kan tsarin MIDI, wanda ba sauti yake ɗauka ba, sai umarni kawai: wane amo, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. Wannan ne ya raba hannun makaɗi da abin da ke fitar da sautin. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da tsarin VST a 1996, sannan a 1999 ya faɗaɗa shi ta yadda manhaja za ta tsaya a matsayin abin kiɗa cikakke. Manhajar FruityLoops ta Beljiyam, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, tana cikin waɗanda suka kai wannan fasaha ɗakin matashi mai ƙaramin ƙarfi.

A ƙasar Hausa, fiyanon Yamaha ya shiga ta ƙofar waƙoƙin fina-finai a ƙarshen shekarun 1990, kafin kwamfuta ta karɓe aikin. Daga baya wasu mawaƙan bege, waɗanda aka sani da bandiri ko murya zalla, suka rungumi fiyano, malamai kuma suka saɓa a kai. Sai dai muhawarar ta fi tsayawa a kan tsohon saɓani: Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya raunana hadisin ma'azif da ke cikin Bukhari, Ibn Salah da wasunsa suka mayar masa da martani.

Manhaja ta zo da mas'alar da wancan saɓani bai rufe ba. Ana iya naɗar muryar mutum a sarrafa ta har ta yi amon ganga ko goge, a fitar da waƙar a ce babu kiɗa a cikinta. Shin hukunci yana rataye da ainihin abin kiɗan, ko da sautin da kunne ya ji, ko da tasirinsa a zuciya? Imam Gazali, a babin sama'i na littafin Ihya, ya danganta hanin wasu kayan kiɗa da kasancewarsu alamar mashaya da abin da suke jawowa, ba da daɗin sautinsu ba. Wanda ya bi wannan ta'alili zai duba wajen da ake kiɗan da abin da yake haifarwa. Wanda kuma ya rataya hukunci ga sauti ba zai bambanta gogen gaske da muryar da aka mayar goge ba.

Malaman usul sun tabbatar cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar haƙiƙarsa. Ɗalibin da zai shiga wannan mas'ala yana buƙatar ya san bambancin ƙirƙirar sauti da naɗarsa kamar yadda magabata suka san bambancin duffi da mizmari. Allah ne Mafi sani.