Tarihin Karantar da Makafi da Kurame: Waiwaye Daga Fadan Kaje

Fadan Kaje gari ne na Bajju a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, kusa da Zonkwa, ba nisa kuma da Kafanchan. Yaron da aka haifa a nan yakan tashi da harsuna uku: Jju a gida, Hausa a kasuwa, Ingilishi a makaranta. Duka ukun ta kunne suke shiga, sa'an nan idan ya zauna a aji a buƙaci idonsa don allo da littafi. Daga wannan gari muke so mu waiwayi tarihin karantar da yaran da suka rasa gani ko ji a Arewacin Nijeriya. Abin da za mu nuna shi ne, ko da yake kullum a haɗe ake ambaton makaho da kurma, tarihinsu ba ɗaya ba ne. Makaho ya samu hanyar ilimi tun da wuri, shi kuwa kurma an daɗe ana gardama a kansa ba tare da an saurari hannunsa ba.

Bari mu fara da abin da ke kawo lalurar. A zamanin kakanninmu agana da ƙyanda su ne manyan masu cinye idon yara. An ga bayan agana a Nijeriya a 1970, amma ƙyanda ta ci gaba da ɓarna, musamman ga yaron da jikinsa ya rasa bitamin A, wanda alamarsa ta farko ita ce dundumi. Akwai kuma yanar ido da ake haihuwar wasu jarirai da ita, wadda aiki ke gyarawa idan an kai su asibiti da wuri. Ta fuskar kunne kuwa babban maƙiyi shi ne sanƙarau. A annobar 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka mutu, kuma cikin yaran da suka tashi akwai waɗanda ba su ƙara jin muryar uwayensu ba. Hangum da shawarar jarirai da kunne mai zubar da mugunya su ma suna da nasu kason.

Ƙasashen rafuka irin na kudancin Kaduna suna da wata cuta ta daban, watau makantar da cizon baƙin ƙudan rafi ke jawowa. Manya take makantarwa, amma yara ke biyan bashin, domin duk makaho sai ya samu ɗan jagora, ɗan jagora kuwa ba ya zuwa makaranta. A ƙauyuka 34 na Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka gwada maganin Mectizan, aka buga sakamakon a 1993, aka tabbatar cewa shan sa sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar ido. A ganinmu wannan aikin likitoci ya mayar da yara aji fiye da jawabai masu yawa na jami'an ilimi.

To, yaya aka yi da waɗannan yara kafin zuwan boko? A biranen Hausa makafi suna da unguwa da sarkinsu, kuma karatun allo bai kore su ba, domin ginshiƙinsa shi ne tilawa da hadda. Wanda ke da kunne da ƙwaƙwalwa yana iya zama gaban malami kamar kowa. Shaida ita ce Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu, ya tsara Waƙoƙin Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ba muna cewa kowane makaho ya samu irin wannan rabo ba ne. Da yawa bara ce ta zama makomarsu. Amma ƙofar a buɗe take. Haka nan a garuruwan noma irin na Bajju, inda tarihi da tatsuniya da waƙa duk da baki ake miƙa su, yaro makaho yana cikin masu saurare.

Kurma kuwa sai labari ya juya. Hannunsa da idonsa lafiya lau, saboda haka yakan iya noma da saƙa da ƙira, amma duk ilimin da ke tafiya ta kunne yakan wuce shi. Sunan da muka ba shi ma ya nuna inda muka karkata: mukan ce bebe, muna duban bakin da bai furta ba, alhali matsalar tana kunne. Duk da haka kurame ba su zauna babu harshe ba. A Kano sun daɗe da nasu, wanda ake kira maganar hannu, suna da wuraren haɗuwarsu, har da sarkin bebaye. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su, ta fitar da littafi kan wannan harshe a 2000, ta nuna cewa yana da ƙa'idojinsa kamar kowane harshe. Amma irin wannan harshe sai inda kurame suka taru yake haɓaka. Kurma ɗaya tilo a ƙauye ba shi da komai sai 'yan alamun da shi da uwarsa suka ƙirƙira: ci, sha, zo, bari.

Makarantun zamani na makafi da kurame a hannun mishan suka fara. Mishan ɗin SIM, wanda ya kafu a Kwoi da Kagoro a kudancin Kaduna, shi ya buɗe asibitin ido na Kano a 1943. Bayan shekara goma, a 1953, mishan ɗin SUM ya kafa makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yau. A can yara suka koyi rubutun Burel, wanda wani Bafaranshe makaho, Louis Braille, ya ƙirƙira a shekarun 1820. Ɗigo shida ne kacal a gida ɗaya, ana jujjuya su su ba da siffofi 63, ana karanta su da kan yatsa. Wani abin sha'awa shi ne, mai rubuta shi da allo da tsinke daga dama yake farawa zuwa hagu, kamar mai rubuta ajami, domin ta bayan takarda yake dannawa; idan ya juya ta sai ya karanta daga hagu. Burel ba sabon harshe ba ne, rubutu ne kawai, kuma an daidaita shi da Hausa. Ke nan yaro makaho yakan shiga makaranta da harshensa a baki, abin da ya rage masa shi ne rubutu, da koyon tafiya da sanda, da malamin da zai riƙa faɗin duk abin da ya rubuta a allo, ya kuma sa masa abu a hannu maimakon ya ce "ga shi nan".

Nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi kurma da kyau. Tun a taron da malaman kurame suka yi a Milan ta ƙasar Italiya a 1880 aka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yaro karanta leɓe da furta magana, kuma wannan ra'ayi ya yi rinjaye a Turai kusan shekara ɗari. Duk mai jin Hausa yana iya gwada rauninsa a gaban madubi. Ka ce bari, ɓari, mari: leɓe iri ɗaya ne. Ka ce kaya, ƙaya, gaya: babu abin da ido zai bambance. Sa'an nan ga karin sauti, wanda a Hausa da Jju yake sauya ma'anar kalma, shi kuwa sam ba a ganinsa.

Wanda ya kawo sauyi a Afirka ta Yamma shi ne Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, wanda sanƙarau ya kurmanta yana ɗan shekara 11. Ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya buɗe makaranta a Ghana a 1957, sa'an nan a Ibadan a 1960, wasu suka biyo baya a Inugu da Kaduna. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka. Shi kurma ne mai koyar da kurame da hannu, wannan kaɗai ya isa ya karya zancen cewa kurma ba ya karatu. Sai dai maganar hannun Amurka ya zo da ita, kuma ita ce ta zama tushen wadda ake koyarwa a makarantun Nijeriya. Ko da aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano a 1977, ita aka shigar aji, aka bar ta gida a bakin ƙofa. Muna jinjina wa Foster, amma ba za mu ƙi faɗin cewa an maimaita wa kurame abin da aka yi wa masu ji ba, watau fifita harshen baƙo a kan na gida. Sakamakonsa shi ne yaro ya dawo hutu da harshen da babu mai jin sa a gidan ubansa.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta a tsakiyar shekarun 1970. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ware sashe guda don ilimi na musamman, aka kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo, Jami'ar Jos kuma ta buɗe sashensa. Daga baya sanarwar Salamanka ta 1994 ta ce a riƙa haɗa yaran a aji ɗaya da sauran 'yan'uwansu. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi alkawarin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ambaci Burel da maganar hannu a cikin manhaja.

Idan muka dawo Fadan Kaje da wannan tarihi, abin da za mu lura da shi shi ne nisa. Gindiri tana wata jiha. Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa duk a birnin Kaduna suke, tafiyar sa'o'i da kuɗin mota. Makarantun kuma galibi na kwana ne, ba kowace uwa ce za ta saki ɗan shekara shida ba, don haka sai a jinkirta. Makaho yana iya jure jinkirin, tun da yana cikin hira. Kurma ba ya iyawa, domin shekaru uku zuwa biyar na farko su ne lokacin da harshe ke kafuwa a ƙwaƙwalwa, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai shekara goma babu cikakken harshe, na baki ko na hannu, zai sha wahalar karatu har girmansa, ba don rashin basira ba.

Akwai kuma rukunin da tarihin bai cika ambata ba, ga shi su suka fi yawa: masu gani dishi-dishi da masu ji sama-sama. Su ba sa zuwa Gindiri ko Kaduna, suna nan a azuzuwan firamare na Zonkwa da Kafanchan. Shi ne yaron da ke kanne ido in ya dubi allo, ko ya manna littafi a hanci. Ita ce yarinyar da ke karkato kunne ɗaya, tana kallon bakin malami, ba ta amsa kira sai an taɓa ta. Sau da yawa sunan da suke samu shi ne daƙiƙi ko mai taurin kai, a bi su da bulala. Abin da suke buƙata bai fi ƙarfin ajin ƙauye ba: a zaunar da su a gaba inda haske yake, malami ya yi manyan baƙaƙe, ya daina magana yana fuskantar allo, ya rubuta abin da ya faɗa, ya faɗi abin da ya rubuta, sa'an nan a gaya wa iyaye su kai yaron a duba shi. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wadda ke yaye malaman firamare na wannan yanki, ita ce wuri mafi kusa da za a koya wa kowane ɗalibin malanta waɗannan alamu, tare da 'yan kalmomin hannu na farko, kafin a miƙa masa alli.