Kogin Haɗeja: ruwan da ake buɗe wa ƙofa daga Kano 🧵

1/ Ni ɗan Garki ne, garinmu jigawa ce, rairayi ko'ina. Amma kawuna yana noman shinkafa a fadamar wajen Ringim. A 2022 ruwa ya cinye gonar tas. Ranar na fara tambayar kaina: wai ina ruwan nan yake fitowa ne?

2/ Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Ya ratsa ƙasar Ringim, ya bi ta Auyo da Haɗeja. Kusa da Gashuwa sai ya gamu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi.

3/ Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, don haka kogin ba ya sauri. Bayan Haɗeja sai ya rarrabu tsakanin tuddan rairayi, ya zama dausayin Haɗeja-Nguru.

4/ Da can akwai tsari. Damina ruwa ya malala, a shuka shinkafa. Ya janye, a yi noman rani. Masunta su kama kifi, Fulani su shigo da shanu. Kowa da lokacinsa.

5/ Sai aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha, Kadawa ta samu noman rani. Ba laifi. Amma malalar damina ta ragu, da rani kuma ruwa bai daina gudu ba.

6/ Nan kachalla ta samu yadda take so, tunda ciyawa ce mai son ruwan da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsaye jan baki suka samu maɓoya. Wani gari ruwa ya yi yawa, wani ko ɗigo babu.

7/ Kuma fa duniya ta san da wurin. A 2000 aka saka yankin Nguru cikin jerin Ramsar, na farko a Najeriya. Tsuntsaye daga Turai suke zuwa Baturiya su yi hunturu.

8/ Don haka in an ce ambaliya, kar mu tsaya a “sai haƙuri” kawai. Mu tambaya: yaushe ake sakin ruwa? An sanar da manoma? Wa ke yashe kogin?

9/ Kawuna dai ya sake shukawa. Allah ya ba da damina mai albarka. ’Yan Auyo da Guri, yaya abin yake a wajenku?