Filin Wasa a Tarihin Kwalejin Barewa: Nazari

Idan aka ambaci Kwalejin Barewa ta Zariya, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne jerin manyan da ta yaye: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Jerin gaskiya ne, amma yawan maimaita shi ya rufe wata tambaya: me makarantar ta yi wa waɗannan yara har suka fito da kama ɗaya? Ra'ayina shi ne, rabin amsar tana filin wasa, ba cikin aji ba.

An kafa makarantar a Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Manufarta ta farko ƙarama ce: horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. An zaɓi Katsina saboda sunan da ta yi a ilmin addini tun zamanin da, da kuma nisanta daga layin dogo da hayaniyar da ke biye da shi. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, sai a 1971 ta karɓi sunan Barewa.

Abin lura shi ne irin ɗaliban da ake tarawa. Yaro daga Sakkwato, wani daga Barno, wani daga Ilori ko Bida ko Bauci, kowa da harshensa, kowa da tinƙahon masarautarsu. Kakannin wasunsu ma sun gwabza yaƙi da juna. Turawan da ke koyarwa sun fito ne daga makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa hali a filin wasa ake gina shi. Don haka suka raba yaran gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin ɗalibai, suka sa gasa tsakanin gidajen. Sunayen gidajen da aka sani daga baya su kansu tarihi ne: akwai na Gwamna Lugga da na Clifford, akwai na Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, akwai kuma na Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda ya koyar a can. Da zarar yaro ya sa rigar gidansu, Basakkwace da Babarbare sun zama 'yan ɗaki ɗaya, abokin hamayya kuwa shi ne na gidan maƙwabta, ko da garinsu ɗaya.

An buga kurket da ƙwallon gora da ƙwallon ƙafa, an yi guje-guje da tsalle-tsalle. Amma wasan da ya fi cancantar nazari shi ne fayis. Asalinsa makarantar Eton ce ta Ingila: mutum biyu-biyu ke karawa a fili mai bango uku, suna dukan ƙwallo da tafin hannu. A Ingila wasan 'ya'yan masu hali ne, bai cika fita daga harabar wasu 'yan makarantu ba. Da ya iso ƙasar Hausa a shekarun 1920 sai ya sauya hali. Aka koma amfani da ƙwallon tanis mai taushi maimakon ƙwallonsa mai tauri, wadda ba ta dace da bangon ƙasa ba. Ba ya bukatar takalmi na musamman, ba ya bukatar ciyawa, bango kawai da hannu. Sardauna, wanda ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a wasan, bai kuma daina buga shi ba har yana Firimiya. Malaman da kwalejin ta yaye suka tafi da shi garuruwan da aka tura su aiki. Shi ya sa har yau ake buga fayis a Katsina da Sakkwato da Birnin Kabi da wasu biranen Arewa, kuma masu bugawar ba lalle ne sun taɓa taka ƙofar Barewa ba. A ganina wannan ce babbar nasarar makarantar a fagen wasanni, ta fi kowane kofi da ke cikin kabad ɗin shugaban makaranta.

Misali na biyu shi ne Gowon. Ɗan mai wa'azin Kirista ne, Ba'angashe da ya tashi a Wusasa, ya shiga makarantar da akasarin ɗalibanta Musulmi ne. Shi ne mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ya yi fice a gudun dogon zango da tsalle da sanda, ya kuma shugabanci 'yan dambe. Yaron da ke tare wa makaranta ƙwallo a raga ba a tambayarsa daga ina ya fito. Daga makarantar ne Gowon ya shiga soja a 1954.

Tsarin yana da nasa aibin, kuma bai kamata a ɓoye ba. Maza zalla aka gina wa shi, ƙalilan ne kuma, da yawansu 'ya'yan sarauta da na ma'aikatan En'e, musamman a farkon zamani. Biyayya ga alƙalin wasa da ake cusawa ta yi daidai da biyayyar da mai mulkin mallaka ke so. Sai dai makarantar da ta yaye Sardauna ita ce ta yaye Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur, waɗanda suka tsaya gaban sarakuna da Turawa suka faɗi abin da ke ransu. Horon ya ba su ƙarfin gwiwa, bai zaɓa musu ɓangare ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda makarantun gwamnati da yawa a yau suka ɗauki wasanni a matsayin bikin rana ɗaya a shekara, ranar gasar gidaje, a kafa rumfa, a raba kyauta, a watse. A wasu wuraren an yanka filin an yi shaguna ko ƙarin ajujuwa. Tsofaffin ɗaliban Barewa suna da ƙungiya mai ƙarfi da mutane masu faɗa a ji. Ina roƙonsu, da ma'aikatun ilmi na jihohinmu, idan an tashi gyaran makaranta a sa filin wasa da malamin wasanni cikin kasafi tun farko, daidai da ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu.